Kafin a Sayi Babur na Hannu: Abin da Ya Kamata Mu Sani

A wannan makon mun ɗauko batun da ya shafi gidaje da yawa a Na'ibawa, wato saye da sayar da babur na hannu, musamman irin wanda ake shiga daji da hanya marar kwalta da shi. Mu yara ne, ba mu isa tuƙi ba, domin sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi lasisi. Amma iyayenmu da yayyenmu da ke aiki a kamfanonin Sharaɗa da Chalawa da Bompai suna saye, kuma sau da yawa mu ake miƙa wa takarda a ce mu karanta. Idan aka yi asara, kuɗin gidanmu ne ya tafi, har da na littattafanmu.

Me ya sa ake neman na hannu?

Tun a watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, amma ba ta hana mutum hawa babur ɗinsa ba. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi. Ma'aikacin da zai je Bompai daga Na'ibawa kullum sai ya ga gara ya mallaki abin hawansa. Sabo kuma ya yi tsada, shi ya sa ake komawa na hannu.

Wane ne babur ɗin daji?

Ana gane shi da abu uku. Yana da tsayi, don kada cikinsa ya riƙa dukan dutse. Tayoyinsa suna da manyan ƙuraje masu kama yashi da taɓo. Ƙafafunsa na gaba dogaye ne, suna shanye gargada. Misalinsa Yamaha AG da Yamaha DT da Honda XL, 'yan ƙasar Japan, irin waɗanda malaman gona da ma'aikatan lafiya ke shiga ƙauyuka da su. Shi kuwa Bajaj Boxer na ƙasar Indiya ba don daji kaɗai aka ƙera shi ba, amma saboda juriyarsa mutanen karkara suka riƙe shi, kuma kayan gyaransa sun fi sauƙin samu. Babur ɗin da ya yi rayuwarsa a daji ya sha wuya fiye da na cikin gari, don haka dubansa ya fi buƙatar natsuwa.

Takardu kafin komai

Babban haɗarin shi ne sayen kayan sata. A doka, karɓar kayan sata da sani laifi ne, kuma ko mutum bai sani ba, ranar da mai shi ya gane abinsa za a karɓe, kuɗi sun tafi, ga zaryar ofishin 'yan sanda. Saboda haka a nemi rasit na asali da takardun rajista. Kowane babur yana da lamba biyu da aka buga a jikin ƙarfe: lambar inji da lambar shasi, wadda galibi take a wuyansa, ƙasan kai. A goge wurin da tsumma, a karanta harafi bayan harafi, a gwada da na takarda. Idan an ga alamar an kankare wurin ko an shafe shi da sabon fenti, a haƙura komai arahar. Idan sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, sai ya nuna takardar da ya saya da ita. Wannan aikin ko ɗan aji ɗaya zai iya taya babansa.

Duba lafiyar babur

A je da bakaniken da aka yarda da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma a je da rana. Ga abin da ake dubawa:

Na ɗaya, a taɓa inji kafin a tayar. Idan da ɗumi, wataƙila an riga an tayar da shi ne don kada a ga yana wahalar tashi da safe.

Na biyu, a kalli hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai, wato ringi ya cinye. Baƙin hayaƙi yana nufin fetur yana shiga fiye da kima. Sai dai akwai injin da dama can da mai yake ƙona fetur ɗinsa, kamar na Yamaha DT, shi ɗan hayaƙi ɗabi'arsa ce.

Na uku, a zaro ma'aunin baƙin mai. Wasu suna zuba mai kauri sosai don ya danne ƙarar inji.

Na huɗu, a duƙa a duba ƙashin babur ɗin. Walda a wuya ko a ƙarƙashin inji alama ce ya taɓa karyewa. Wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, maganar rai ce, domin zai iya sake ɓallewa ana cikin gudu.

Na biyar, a duba sarƙa da haƙoran da take hawa. Yashi yana cinye su, sai haƙoran su yi tsini. A duba ko mai yana tsiyaya a ƙafafun gaba, a juya taya a ga ko tana layi.

Na shida, a hau a gwada. A sa kowace giya, a taka birki, a ji ko kan yana ja gefe guda.

Duk abin da aka samu, bakanike ya faɗi kuɗin gyaransa, a haɗa da farashi. Wani lokaci sai a ga mai arahar ya fi tsada. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ciniki da shaidu

Mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka, har a kai inda zai sallama. Idan da dillali, a yanke la'adarsa tun farko, a kuma san wanda zai biya. Kada a ba da kafin alƙalami a kan hoton da aka gani a Facebook ko WhatsApp, wannan sayen kifi a ruwa ne. Idan an daidaita, a rubuta takardar yarjejeniya: sunan mai saye da mai sayarwa, kwanan wata, kuɗin da aka biya, irin babur da launinsa, lambar inji da ta shasi. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da mai unguwa, kowa ya riƙe kwafi. Daga nan a je ofishin lasisi a canza suna, don a samu sauƙi idan jami'an KAROTA ko 'yan sanda suka tsayar.

Shi ma mai sayarwa

Malaman addini sun koya mana cewa ɓoye aibin kaya haramun ne. In inji yana shan mai, a faɗa, a rage kuɗi. Kuma mai sayarwa ya ajiye kwafin yarjejeniya da na katin shaidar mai saye. Mun san yadda 'yan bindiga ke amfani da babura a dazukan Zamfara da Katsina. Idan aka kama babur a wurin laifi kuma takarda na ɗauke da sunanka, kai za a fara nema.

A ƙarshe, a ware kuɗin hular kwano tun cikin lissafi. Muna roƙon kowane ɗalibi ya kwafi waɗannan abubuwa ya kai gida. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.