3.4 Gansakuka a Rufin Soro

3.4.1 Ma'anarta

Gansakuka wani ɗan tsiro ne maras saiwa da ganye wanda yake fitowa a inda danshi ya daɗe. A ƙasar Hausa an fi ganin ta a kan rufi a watan Agusta, wato lokacin marka.

3.4.2 Yadda Ake Gane Ta

Idan tana ɗanya, koriya ce shar, ga kuma santsi. Da rani kuwa takan bushe ta yi baƙi, ta riƙa ɓamɓarewa kamar ɓawo. Wuraren da ta fi kamawa su ne bakin indararo da gindin rawanin soro da kuma ɓangaren da inuwar bishiya ta rufe.

Abin lura a nan shi ne, gansakuka alama ce kawai, ba ita ce ainihin cutar ba. Duk inda ta fito, to, ruwa yana kwanciya a wurin. Ita kuma sai ta riƙe danshin ta hana rufin bushewa. Da haka ƙasar rufin take jiƙewa ta ƙara nauyi, azarar da ke ɗauke da ita ta fara ruɓewa. Daga nan sai yoyo, in kuwa aka yi sakaci ɗakin yana iya ruftawa da mutane a ciki.

3.4.3 Yadda Ake Kawar da Ita

Magina sukan bari sai rani, saboda hawa jiƙaƙƙen soro yana da haɗari. Da farko za a kankare ta, a kuma yashe indararo. Bayan haka sai a cike inda ya lotsa da sabuwar ƙasa, a karkata yaɓen ya fuskanci indararo. A ƙarshe sai a shafe rufin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin awaki da dafara.

A rufin siminti ko na tayil kuwa, akan gauraya bilic da ruwa daidai wa daida, a yayyafa, a bar shi kamar minti 15, sannan a ɗauraye.

A taƙaice, wanda ya kankare gansakuka bai gyara hanyar ruwa ba, to, ya saurari dawowarta a damina mai zuwa.