Kwallin jariri da gubar dalma

A Potiskum, kamar ko'ina a Arewa, kafin ranar suna an riga an rambaɗa wa jariri kwalli, wai ido ya yi haske. Sai dai kwallin dutse mai walƙiyar nan yawanci dalma ne. Yaro ya murza ido, ya kai yatsa baki, shi ke nan ta shiga jini.

A 2011 an gwada tozalin da aka kai wa wani jariri a Boston ta Amurka daga Najeriya, aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. A hankali gubar take dakushe ƙwaƙwalwa, gwajin jini kaɗai ke tona ta. In ta yi yawa sai jijjiga da mutuwa, kamar a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma ta kashe yara fiye da 400.