Sa'ad da Gida Ya Koma na Mutum Biyu: Lambun Gida da Aikin Makiyayi a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

A makarantar tauhidi muna ba da lokaci mai yawa wajen koyon yadda ake shirya matasa domin aure, da yadda ake renon 'ya'ya cikin tsoron Ubangiji. Amma akwai wani mataki na zaman iyali da ba mu cika tsayawa a kansa ba, wato ranar da auta ya ɗauki jakarsa ya tafi, aka bar uba da uwa su kaɗai. A wannan darasi za mu duba wannan mataki kamar yadda yake a ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomi huɗu na masarautar: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa. Za mu kuma nuna yadda ɗan lambu a cikin gida zai iya zama kayan aiki a hannun makiyayi.

Me ya sa gidajen masu bi suke saurin yin shiru?

A tsarin zaman Hausawa na dā, gida ba ya rasa mutane. 'Ya'ya maza suna noma a gandun ubansu, in sun yi aure a yanka musu sashe a cikin gidan. In 'ya'ya mata sun tafi gidajen mazajensu, surukai sun shigo. Wanda ya tafi cin rani yakan dawo kafin shuka. Kaka kuwa ba ta rasa jikan da aka ba ta riƙo. Gandu ya yi rauni a yau, duk da haka a ƙauyukan ƙasar Gumel da wuya a sami tsoho yana cin tuwo shi kaɗai.

Gidajen mambobinmu da yawa ba haka suke ba. Masu bi 'yan kaɗan ne a wannan yanki, kuma da dama daga cikinsu aiki ne ko kasuwanci ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, jami'an tsaro, masu shaguna da masu sana'ar hannu. Danginsu suna nesa. Auren mace ɗaya muke yi, saboda haka haihuwa takan ƙare a lokaci ɗaya, yara su girma kusan tare, su kuma watse kusan tare. Muna ƙarfafa karatun boko ga maza da mata, karatun kuwa yana kai su Dutse, Kano, Zariya ko Jos. Daga nan sai bautar ƙasa, sai neman aiki, sai aure a wani gari, gama saurayi ko budurwa mai bi ba kullum yake samun abokin aure a ƙaramar ikkilisiya ba. Sau da yawa wannan yakan zo daidai da lokacin ritaya, wadda a aikin gwamnati takan kama a shekara 60 ta haihuwa ko shekara 35 ta aiki. Cikin 'yan shekaru kaɗan mutum ya rasa ofis, ya rasa albashi, ya rasa hayaniyar yara.

Mu ɗauki misalin da kowane mai hidima a yankin zai gane. Malamin makaranta ya yi ritaya a Gumel, 'ya'yansa biyar duk sun tashi. Matarsa har yanzu tana ɗora babbar tukunya, tuwo yana kwana. Shi yana yini da rediyo a ƙofar gida, ita tana ɗaki da waya a hannu tana jiran kira. Shekara talatin hirarsu ita ce kuɗin makaranta da rashin lafiyar yara. Yanzu wannan hira ta ƙare, sai suka tarar ba su da wata. Ran Lahadi suna zuwa sujada da tsabtatattun tufafi, in an gaishe su su ce lafiya lau. Makiyayin da ba ya ziyara ba zai taɓa sanin cewa gidan nan yana ciwo ba.

Abin da Maganar Allah take koya mana

Na ɗaya, tashin 'ya'ya shirin Allah ne. Farawa 2:24 ta nuna cewa barin uba da uwa yana cikin tushen aure tun kafin faɗuwar mutum. Zabura 127 ta kwatanta 'ya'ya da kibau, kibiya kuwa domin harbawa aka yi ta. Hannatu ta kai Sama'ila Shilo yana ƙarami, amma kowace shekara tana ɗinka masa 'yar riga ta kai masa (1 Sama'ila 2:19). Ta sake shi, ƙaunarta kuwa ba ta yanke ba. Iyaye suna bukatar su ji daga bagade cewa kewa ba zunubi ba ce, tafiyar ɗa kuma ba cin amana ba ce.

Na biyu, aure ya riga 'ya'ya zuwa, yana kuma nan bayan sun tafi. Kafin a haifi Kayinu, akwai miji da mata da gonar da aka ba mutum ya noma ya kuma kiyaye (Farawa 2:15). Wurin zama na farko da Allah ya shirya wa ma'aurata wurin aiki ne.

Na uku, Allah yana so baƙo ya kafu a inda yake. Bayan an kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Irmiya ya aika musu da wasiƙa (Irmiya 29:4-7). Zuciyarsu tana Urushalima, annabawan ƙarya suna ce musu komawa ta kusa. Saƙon Ubangiji shi ne su yi gini, su yi shuka, su ci daga abin da suka shuka, su nemi alherin garin da suke ciki. Muna da mambobin da suka yi shekara talatin a Maigatari ko Gumel amma ba su taɓa dasa ko itace ɗaya ba, domin kullum suna cewa baɗi za su koma gida. Wanda zai koma, ya koma da albarka. Wanda yake nan kuwa, ya zauna kamar mai zama.

Na huɗu, tsufa ba ƙarshen amfani ba ne. Zabura 92:12-14 ta kwatanta adali da itacen da yake ci gaba da 'ya'ya har cikin tsufansa. Titus 2:2-5 kuma ta ba dattawa mata aikin koyar da na baya.

Me ya sa lambu?

Wani zai ce, ai addu'a da ziyara sun isa. Suna da muhimmanci, amma ziyarar fasto awa ɗaya ce a mako, sauran kwanaki fa? Lambu yana ba mutum dalilin tashi da asuba. Yana bukatar hannu biyu: wani ya ɗebo ruwa, wani ya yi ban ruwa, wani ya cire ciyawa, wani ya yanka kuɓewa ya shanya. Miji da matar da suka rasa abin faɗa wa juna za su soma da maganar tsutsar da ta kama tumatir, daga nan hira ta buɗe.

Akwai kuma batun cefane. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan abinci suka yi tsada, fansho kuwa bai bi su ba. Tsohon da yake tsinko ganyen miyarsa a bayan ɗaki ya rage kiran 'ya'ya a waya domin kuɗin cefane, mutuncinsa kuma ya ƙaru. Duk ranar Alhamis manyan motoci suna fita daga kasuwar Maigatari cike da shanu zuwa kudancin ƙasar nan, yawancin tsofaffinmu kuwa sai dai su kalla. Karin Magana 15:17 ta auna cin ganye a gidan da ake ƙauna da cin naman kiwataccen sa a gidan da ake gaba, ta ce na farkon ya fi. A ƙasar Gumel wannan aya ba ta bukatar dogon bayani.

Yadda za a yi shi a ƙasar rairayi

Kada mu ba mutane shawarar da ta dace da Filato ko fadamar Haɗeja. Sunan jihar kansa yana gaya mana irin ƙasar: jigawa ce, rairayi mai saurin shanye ruwa. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Rijiyoyi suna da zurfi, a cikin gari kuma mutane da yawa sayen ruwa suke yi a wurin 'yan ga-ruwa. Saboda haka ga abin da za mu koyar:

1. A fara da kaɗan. Fili mai taku huɗu a tsaye da huɗu a kwance ya ishi mutum biyu. Wanda yake gidan haya ya cika buhuna da ƙasa da taki, ya huda su a gindi, ya shuka a ciki. Buhun da aka ɗora a kan dakali ya fi sauƙi ga mai ciwon baya ko gwiwa.

2. Shinge kafin shuka. Da zarar an gama girbi ana sakin awaki, akuya ɗaya kuwa tana iya cinye aikin wata biyu kafin a dawo daga sujada. Dangar kara ko zana ta wadatar, tana kuma tare iskar hunturu.

3. Taki. Kashin awaki, tumaki, shanu ko kaji, amma sai wanda ya ruɓe, domin ɗanye yana ƙona shuka. A yi fangali mai ɗan zurfi yadda ruwa zai tsaya a gindin shuka, a rufe ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa domin laima ta daɗe.

4. Ruwa. Ruwan wankin hatsi da na wankin kayan miya kada a zubar. Ruwan omo mai yawa kuwa yana lalata ƙasa. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma. Ana iya binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi a rufe bakinsa, ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwoyi.

5. Kowane lokaci da shukarsa. Da damina: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyafo, kabewa da barkono. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: tumatir, albasa, latas, karas da kabeji. Da bazara, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40, a bar ƙasa ta huta, a ci abin da aka shanya. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuɓewa kuma wajen wata biyu, saboda haka su ne suka dace da mai farawa.

6. Zogale biyu ko uku a jikin katanga. Yana jure fari, in ana datse kansa yana yin rassa a ƙasa inda hannun tsohuwa zai kai.

7. Ƙwari. Tokar murhu da ruwan jiƙaƙƙen ganyen darbejiya suna taimakawa. A yi hattara da maganin feshi na gona a kan ganyen da za a ci gobe.

Aikin makiyayi da ikkilisiya

Mu fara da kanmu. Mai hidima yakan ce, don me zan shuka, tun da za a iya yi mini canjin wurin aiki? Ai mu ma mun ci mangwaron da wasu suka dasa. Lambun gidan fasto shi ne darasi na farko, daga nan kuma za a riƙa raba iri da dashe.

In mun je ziyara, mu yi tambayoyin da suka wuce gaisuwa: “Baba, yaya kake cika yininka yanzu?” “Mama, yaushe rabon ki da jin muryar auta?” Mu saurara, kada mu yi saurin jawo aya. In muka ga tsoho ya daina cin abinci, ba ya barci, ya janye daga mutane har makonni, ko yana maganar gara ya mutu, wannan ya wuce batun lambu. Mu yi addu'a tare da shi, mu sanar da 'ya'yansa, mu raka shi asibiti.

Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa suna da rabo a ciki. Matasa su kafa danga su kawo taki, dattawa su koya musu shuka. Yaran da iyayensu suke wurin aiki duk yini za su sami kakanni, gwauraye mata da maza kuma kada a manta da su, gama shirun gidansu ya fi na kowa.

Lambu yana buɗe ƙofa ga maƙwabta. Maƙwabtanmu Musulmi sun fi yawancinmu sanin wannan ƙasa, mu tambaye su iri da shawara. Suna aiko mana da nama da Babbar Sallah, mu ma mu aika da kwanon tumatir in ya nuna. Mu yi shi da zuciya ɗaya, domin maƙwabtaka ce da Ubangiji ya umarta.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Kada 'ya'ya su fake da lambu su yar da nauyinsu. Yesu ya tsauta wa waɗanda suka mai da keɓe dukiya ga Allah hujjar ƙin taimakon iyaye (Markus 7:9-13), Bulus kuma ya yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:4, 8). Mu da muke hidima a birane, 'ya'yan waɗannan tsofaffi suna zaune a gabanmu kowace Lahadi. Mu tuna musu cewa aika kuɗi ta waya bai maye gurbin kira da zuwa gida ba. Iyaye kuma mu gargaɗe su kada su riƙa auna 'ya'ya da abin da kowa ya aiko, ko su sa baki cikin auren da suka riga suka sa wa albarka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Gidaje nawa ne a ikkilisiyarku suka koma na mutum biyu ko ɗaya? Yaushe aka ziyarce su?
2. Karanta Irmiya 29:4-14. Me wannan wasiƙa take faɗa wa mai bin da ya daɗe a garin da ba nasa ba?
3. Ta yaya za ka yi wa'azi a kan Farawa 2:24 yadda zai ta'azantar da iyaye, ya kuma tuna wa 'ya'ya hakkin da yake kansu?
4. Tsara lambun gidan fasto na shekara ɗaya: me za a shuka, a wane wata, daga ina ruwa zai fito, wa za a ba iri?
5. Kai da matarka, wane aiki kuke yi tare a yau wanda zai rage muku bayan 'ya'yanku sun tashi?