Yadda Agwagin Daji Ke Tsaron Ƙwai Da 'Ya'yansu

Agwagwar daji ba ta da farce irin na shaho, bakinta kuma faffaɗa ne, na tace taɓo da tsinkar ciyawa. Duk da haka yawancin agwagi a ƙasa suke yin ƙwai, inda kowace dabba mai yunwa za ta iya isa gare shi. Daga ranar da uwa ta saka ƙwan farko zuwa ranar da 'ya'ya za su tashi sama, akan ɗauki kusan wata uku, kuma a duk tsawon wannan lokaci iyaye suna fama da mafarauta ta sama, ta ƙasa da ta cikin ruwa.

A ƙasar Kabi, damina ce lokacin hayayyafarsu. Idan Gulbin Kabi ya cika ya malala cikin fadamar da ta bi ta Argungu, Birnin Kebbi da Kalgo har zuwa Bunza, tafkuna da kududdufan tudu na wajejen Gwandu da Kambaza su ma suka ɗauki ruwa, sai ciyawa ta yi tsawo, ƙwari da tsaba su yawaita. A nan ne kirinjijiya, wadda ake ganewa da farar fuska da kukanta mai kama da fito, take rabuwa da garke ta ware bibbiyu. Dinya ma a wannan lokaci take kwanci. Agwagin da ke zuwa daga Turai da kaka kuwa baƙi ne, cin rani kawai suke yi a nan, su koma can su yi ƙwai.

Matakin farko na tsaro shi ne zaɓen gurbi. Kirinjijiya takan kutsa cikin doguwar ciyawa, ta tattake ta, ta yi ɗan kwari kamar ƙwarya, wani lokaci da ɗan nisa daga bakin ruwa. Takan saka ƙwai ɗaya kowace rana har su kai shida zuwa goma sha biyu, kuma ba ta fara kwanci sosai sai ta gama sakawa. Hikimar hakan ita ce duk ƙwan su ƙyanƙyashe kusan rana ɗaya, iyali su bar gurbin tare, domin gurbin da aka fasa ƙwai a cikinsa yana da ƙarni, ƙarni kuwa shi ke kiran tunku da guza. Akwai wata agwagwar daji da namijinta ke da baƙin ƙullutu a kan baki. Ita takan nemi kogon itace, 'ya'yanta su diro ƙasa da kansu bayan ƙyanƙyasa, ba tare da sun ji rauni ba saboda rashin nauyi.

Abin da ya bambanta kirinjijiya da yawancin agwagi shi ne namiji ba ya barin gida. Shi da macen kamanninsu ɗaya, kuma karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci na kwana 26 zuwa 28. Idan ɗaya ya tafi kiwo, ɗayan yana kan ƙwai, don haka da wuya hankaka ya tarar da gurbi a buɗe. Wannan ne ma ya sa kirinjijiya ba ta shimfiɗa gashin ƙirjinta a gurbi kamar yadda agwagwar gida take yi. Duk wanda ya taɓa kiwon agwagi ya san wannan ɗabi'a: a cikin kwana 35 da agwagwar gida take kwanci ita kaɗai, toro na can yana yawonsa, idan za ta fita shan ruwa sai ta jawo lallausan gashin da ta fige daga ƙirjinta ta lulluɓe ƙwan, ya riƙe ɗumi kuma ya ɓace wa ido.

Idan maƙiyi ya matso, mai kwanci takan lafe, ta miƙe wuya a ƙasa, ko motsi ba ta yi, har sai an kusa taka ta. Idan hakan bai yi ba, sai dabara ta biyu, wadda aka fi gani bayan 'ya'ya sun fito: uwa ko uba ya faɗa gefe yana jan fiffike ɗaya kamar ya karye, yana faɗuwa yana tashi. Kare ko dila sai ya bi wannan nama da ya ga kamar a sauƙaƙe zai samu. Tsuntsun yana ja, shi yana bi, har sai an yi nisa da 'ya'yan, sannan tsuntsun ya buɗe fukafukansa lafiya lau ya tashi. Dinya, wadda ita ce mafi girma a tsuntsayen ruwa irinta a Afirka, tana da abin da ya fi dabara: a gwiwar kowane fiffikenta akwai tsinin ƙashi kamar ƙaimi, wanda take duka da shi.

'Ya'yan kan bar gurbi cikin yini ɗaya. Iyaye ba sa ba su abinci a baki. Jagora suke yi musu zuwa inda ƙwari da tsaba suke, su rufe su da fiffike idan sanyi ko ruwan sama ya yi yawa. Hausawa na cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to ita agwagwa shirwa ɗaya ce kawai cikin abokan gabanta, don a ƙarƙashin ruwa akwai manyan tarwaɗa da kada. Da uwa ta yi kukan gargaɗi, 'ya'yan kan nutse ko su shige cikin ciyawar burgu da ganyen bado, su yi tsit har sai ta sake kira.

A can arewacin duniya akwai dangin agwagi da ke rayuwa a teku, kuma a cikinsu babu wadda aka fi nazarin renonta kamar wadda ake kira aida, mai hayayyafa a gaɓar Aisland, Norwe, Kanada da arewacin Birtaniya. Hanyarta ta sha bamban da ta kirinjijiya. Toron aida fari da baƙi ne, ana hango shi daga nesa, don haka bayan an fara kwanci yakan koma teku. Macen, mai launin ƙasa-ƙasa, ita ke kwanciya a kan ƙwai huɗu zuwa shida na kusan kwana 26, kuma a wannan lokaci kusan ba ta cin komai, sai dai ta ɗan sauka shan ruwa. Kafin ƙwan su fashe takan rasa sulusin nauyin jikinta ko fiye. Wannan yunwa ita ce kuɗin tsaro, domin manyan tsuntsayen bakin teku da hankakin can suna shawagi, jiran tashinta kawai suke yi. Idan aka firgita ta ta tashi ba shiri, takan fesa wa ƙwan kashi mai ɗoyi, wanda masana da dama ke ganin yana rage wa dabbobi irin su dila sha'awar cin su.

Bayan ƙyanƙyasa, iyaye mata sukan haɗa 'ya'yansu wuri ɗaya a kan ruwa, wani lokaci gommai, har da matan da ƙwansu ya lalace suna taya reno. Idan tsuntsun farauta ya kawo sura, 'ya'yan kan dunƙule a tsakiya, matan su kewaye su suna miƙa wuya suna kai sara. Duk da haka a wurare da yawa mafi yawan 'ya'yan ba sa kai lokacin tashi. A arewacin Kanada kuma an sami ƙarin matsala: ƙanƙarar teku tana narkewa da wuri, farin beyar da ya saba farauta a kanta sai ya hau tsibirai ya cinye ƙwan gurbi bayan gurbi, abin da babu wata dabarar uwa da za ta iya hanawa.

Mutanen Aisland da na tsibiran Vega na Norwe sun daɗe da shiga cikin wannan tsaro. Suna gadin wuraren kwanci, suna korar dila, a Vega har ƙananan ɗakuna ake gina wa tsuntsayen. Ladansu shi ne gashin gurbi, wanda ake yin bargo mai tsada da shi; sai an tara na gurbi kusan 60 kafin a sami kilo ɗaya. Saboda wannan al'ada ce hukumar UNESCO ta sa Vega cikin wuraren tarihi na duniya a 2004.

A fadamun Kabi, babban abin da ke karya tsaron agwagwa shi ne tayar da ita daga gurbi. Noman shinkafa ya faɗaɗa ƙwarai a jihar Kebbi, musamman tun 2015, gefen fadamar da a da ake bari da ciyawa yanzu ana nome shi. Mai yankan ciyawa da ya buɗe gurbi da lauje, ko yaron da ya kori uwa don ya ƙirga ƙwan, ko da bai ɗauki ko ɗaya ba ya riga ya nuna wa hankaka wurin. Wanda ya kwashe ƙwai goma don miya kuwa ya kashe hayayyafar gurbin gaba ɗaya. Manomi ko makiyayin da ya ci karo da gurbi tsakanin Yuli da Satumba, abin da ya kamata shi ne ya mayar da ciyawar yadda take, ya janye karensa da dabbobinsa, ya bar wannan ɗan wuri ba yanka har wata guda. Kafin lokacin, galibi ƙwan sun fashe, iyalin sun koma ruwa.