Karnukan Alaska: Zafi Ya Fi Sanyi Cutar Da Su

A cikin watan Janairu na 1925 ne cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom da ke yankin Alaska, ga dusar ƙanƙara ta toshe kowace hanya. Karnuka kimanin 150 ne suka yi ta karɓa-karɓa da maganin, suna jan amalanke a kan ƙanƙara, har mil 674 cikin kwana biyar da rabi. Tun daga 1973 kuma ake yin tseren Iditarod, mai tsawon kusan mil 1,000, zuwa wannan gari.

Mai karatu zai zaci sanyi ne babban abin tsoron masu waɗannan karnuka. Ko kusa. Gashinsu rufi biyu ne. In an shimfiɗa wa kare ciyawa, an sa masa takalmin ƙyalle don kada ƙanƙara ta tsaga masa tafin ƙafa, to, ya wadatu. Zafi ne matsalar, domin kare ba ya gumi irin na mutum, sai dai haki. Saboda haka masu tsere kan hutar da su da tsakar rana, su ci gaba da tafiya cikin dare. Ƙarancin dusar ma ya tilasta aka mai da mafarin tseren arewa, zuwa garin Fairbanks, a 2015 da 2017.