Shinge Ba Ya Korar Akuyar Da Ta Riga Ta Shiga

Yau zancenmu a kan lafiyar mata ne, amma maza kada ku tashi, gama ya shafe ku.

Ciwon daji na bakin mahaifa ba ya faɗowa a rana ɗaya. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke kawo shi, ana kuwa ɗaukarta ta wurin saduwar mace da namiji. Yawancin lokaci jiki yakan kore ta da kansa. Idan ta zauna, sai fatar bakin mahaifa ta soma sākewa, ba zafi, ba alama. Wannan bai zama daji ba tukuna. Yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama. Ga mai ɗauke da HIV kuwa, ya fi haka sauri. A shekarar 2020, mata kusan 8,000 ne wannan ciwo ya kashe a Nijeriya.

Idan an duba mace aka ga wurin ya soma sākewa, akan ƙone shi da zafi, ko a daskarar da shi da sanyi, ko a yanke shi da siririyar waya mai lantarki. To, ga tambaya: wadda ake yi wa wannan aiki, allurar rigakafin HPV za ta amfane ta?

Ku tuna da manomi a Wurma. Ya kewaye gonarsa da shinge, alhali akuya tana ciki. Shingen zai hana waɗansu shiga, amma ba zai fitar da ta ciki ba. Haka allurar take. Ba ta warkar da wurin da ya riga ya kamu. Sai dai ƙwayar iri-iri ce, allurar tana iya tsare mace daga irin da ba ta ɗauka ba tukuna. Waɗansu bincike sun nuna tana rage dawowar ciwon bayan aiki, waɗansu ba su ga haka ba. Saboda haka likita ne zai ba da shawara.

'Yar'uwata, kada allura ta sa ki bar aikin. Ki gama shi, ki kuma koma a sake duba ki bayan shekara ɗaya, ko da kina jin garau. Ki tambaya a babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi inda ake dubawa. Akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina.

Maigida, kada ka tuhumi matarka. Ƙwayar takan ɓuya shekaru da yawa, maza ma suna ɗauke da ita ba su sani ba. Ka raka ta, ka biya kuɗin mota, ka ƙaurace wa shimfiɗarta kamar mako 4 bayan aiki har wurin ya warke.

Inda shinge ya fi amfani shi ne gonar da akuya ba ta shiga ba. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura kyauta a watan Oktoba 2023, ta iso Jihar Katsina a watan Mayu 2024. Allura ɗaya ce tak. Iyaye, ku je ɗakin shan magani ku tambaya domin 'ya'yanku mata.

Ubangiji ya kiyaye gidajenmu. Sai mun sake saduwa.