Najeriya da Barazil: Teku Ɗaya, Hanya Mai Zagaye

Sukarin da mai shayi yake kamfata da cokali a bakin titi, mafi yawansa a gonakin rake na Barazil aka noma shi. Ɗanye ake loda shi a jirgin ruwa, ya ƙetaro Tekun Atilantika, a tace shi a matatun Legas irin ta Dangote da ke Apapa, sannan tirela ta ɗauko buhunansa zuwa Kasuwar Singa a Kano. Haka kuma takin yuriya da ake yi a masana'antar Indorama kusa da Fatakwal da ta Dangote a Lekki yana bin wannan teku zuwa can, domin Barazil, duk da ƙarfinta a noma, fiye da kashi 80 cikin 100 na takin da take zubawa a gona daga waje take sayowa. Ashe dai ƙasashen biyu suna ci daga hannun juna ba tare da yawancin mutanensu sun sani ba.

Kaya suna ƙetarawa, mutum ne ƙetarawa take yi wa wuya. Daga Legas zuwa Sao Paulo bai wuce tafiyar kamar awa takwas ba idan jirgi ya miƙe a kan teku. Amma shekara da shekaru, ɗan kasuwar da ya nufi can sai ya fara yin gabas zuwa Adis Ababa, ya kwana ko ya yini a filin jirgi, sannan ya sake ratsa saman nahiyar zuwa yamma. Ko kuma ya bi ta Turai, inda a wasu ƙasashen ko wucewa zai yi sai ya nemi biza. Kuɗin tikiti ya ninka, tafiyar yini ta koma ta kwana biyu. Da can ba haka abin yake ba. Kamfanin Varig na Barazil ya yi shekaru yana jigila tsakanin Riyo da Legas kafin ya daina a shekarun 1990. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, to ita wannan zumunta ƙafar ce ta daɗe a ɗaure.

Kuma tsohuwar zumunta ce, ko da yake da hawaye aka fara ta. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, dubban mutanen da aka kama sun bi ta Legas da Wida aka kai su jihar Bahiya a matsayin bayi, cikinsu har da Hausawa masu yawa, wasu ma malamai ne masu karatu da rubutu. Tun 1807 hukumomin can suka fara kokawa da shirin tawayen Hausawa. A watan Janairun 1835, cikin kwanakin ƙarshe na azumi, Musulmin birnin Salvador na Bahiya, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna suka yi arangama da sojoji. An murƙushe su cikin dare guda. A jikin waɗanda suka faɗi an sami layu da takardu masu rubutun Larabci. Bayan haka aka koro da yawa zuwa Afirka ta Yamma, wasu kuma suka dawo don kansu, suka kafa unguwa a tsibirin Legas, suka shigo da sana'ar gini da kafinta. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 aikin magini ne daga cikin waɗannan da suka dawo. A wancan zamanin jiragen ruwa masu filafilai suna kai goro da manja da tufafi Bahiya, su dawo da taba. Abin lura shi ne, suna tafiya da kaya, suna dawowa da kaya.

Barazil ta buɗe ofishin jakadancinta a Legas a 1961. Amma abin da ya riƙe cinikin zamani shi ne ɗanyen mai. A wajajen 2013 ciniki tsakanin ƙasashen ya kai kusan dala biliyan 10 a shekara, kusan duka man Najeriya ne. Sai Barazil ta fara haƙo nata man daga ƙarƙashin tekunta, buƙatarta ta ragu, kamfaninta Petrobras ma ya sayar da hannun jarinsa ya bar Najeriya. Zuwa 2024 cinikin ya sauko zuwa kimanin dala biliyan 2. Ba faɗa aka yi ba, ba a kori jakada ba. Haja ɗaya ce tak a kan tebur, mai saye ya daina buƙatarta.

Wannan ne ya sa ya kamata a karanta abin da aka ƙulla a 2025 da idon basira. A watan Janairu Najeriya ta shiga ƙungiyar BRICS a matsayin ƙasar haɗin gwiwa, lokacin da Barazil ke shugabancinta. A watan Yuni mataimakin shugaban Barazil, Geraldo Alckmin, ya zo Abuja. A watan Agusta Shugaba Bola Tinubu ya je Brasiliya wurin Shugaba Lula da Silva, aka sa hannu a kan yarjejeniyoyi, mafi ɗaukar hankali ita ce ta zirga-zirgar jiragen sama, aka kuma ambaci kamfanin Air Peace a matsayin wanda zai riƙa tashi daga Legas zuwa Sao Paulo. Irin wannan yarjejeniya izini kawai take bayarwa: wane kamfani, wane fili, sawu nawa a mako. Ba ta cika kujeru. Jirgi mai tafiyar awa takwas ba ya rayuwa sai da fasinja a sama da kaya a cikinsa, zuwa da dawowa, da kuma tabbacin cewa kamfani zai iya fitar da kuɗin tikitinsa. Ba a manta yadda Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗinsa sun maƙale ba.

A ganina, abin da ya fi daraja a hannun Barazil ga mutumin Arewa ba tarakta ba ce, ilimi ne. Suna da wani makeken daji da suke kira Serrado, mai damina da rani kamar namu, ƙasarsa ja ce mai tsami, an daɗe ana cewa ba ta noma. A 1973 suka kafa cibiyar binciken noma ta Embrapa. Masananta suka koya wa manoma zuba farar ƙasa don kashe tsamin, suka fito da irin waken suya mai jure zafi, suka inganta ciyawar kiwo. Shanunsu ma masu tozo ne, asalinsu daga Indiya, 'yan uwan namu a kama da juriya. Yau Barazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da waken suya da naman sa da na kaji. Idan har cibiyoyinmu na Samaru da Shika za su sami musayar iri da masana ta dindindin, wannan ya fi biki goma na miƙa makullin motocin noma.

Sai dai a yi hattara. Nasarar Serrado ta manyan gonaki ce, masu faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensu, kuma ƙananan manoma da yawa sun rasa wurin zama. An gwada kai wannan salo arewacin Mozambik a shirin ProSavana, haɗin gwiwar Barazil da Japan, manoman karkara suka ƙi saboda tsoron ƙwace musu gonaki, har aka rufe shirin a 2020. Don haka idan aka ji cewa kamfanin nama na Barazil, JBS, ya yi alkawarin zuba dala biliyan 2.5 a Najeriya, ko an farfaɗo da shirin injinan noma na Green Imperative mai dala biliyan 1.1, wanda aka daɗe ana maganarsa, hakkin manomi da makiyayi ne su tambaya: filin wa za a ba su, shanun wa za su saya, bashin wa zai biya?

Tambayar da ta fi wuya kuwa ita ce me za mu sayar musu bayan mai da taki. Masara da wake da nama sun fi mu. Ko riɗin da Jigawa da Nasarawa ke taƙama da shi, Barazil ta shiga nomansa gadan-gadan, ta zama abokiyar gogayya a kasuwannin Asiya. Akwai citta da zoɓo da ƙaro da man kaɗe da fatu, amma babu ɗaya da zai shiga tasharsu ba tare da shaidar gwaji ba, kuma muna da tabo a nan: tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari. Ɗan kasuwar Dawanau da ke hangen Sao Paulo yana buƙatar ɗakin gwaji da za a yarda da takardarsa, da banki da zai tsaya tsakaninsa da mai saye, da yaro ko ɗaya a shagonsa wanda ke jin harshen Fotugal, domin can ba a ciniki da Turanci.